Rabi mutum, rabi dabba: Halittun gatana da ke ɓacewa a bakin Dajin Rugu

A da, idan aka idar da sallar isha'i a ƙauyukan Batsari da Safana, aka ci tuwo aka wanke hannu, sai yara su nufi wurin tsohuwar gida. In da farin wata a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in lokacin ɗari ne a kewaye wuta a ɗaki. Tsohuwa ta gyara zama ta ce “ga ta nan, ga ta nanku,” yara su amsa baki ɗaya. Daga nan an bar duniyar mutane, an shiga wata.

A waccan duniyar, Gizo yana da gona da mata da bashi a wuyansa. Kura tana cin kasuwa. Ɓauna tana rikiɗa ta zama budurwa ta shigo gari. Maciji yana aron riga da hula ya zo neman aure. Halittu ne da ba a iya kiransu mutane, ba a kuma iya kiransu dabbobi, kuma da labarinsu aka yi renon iyaye da kakanni a wannan yanki na yammacin Jihar Katsina, inda tsofaffi ke kiran tatsuniya da sunan gatana.

Yanzu a ƙauyuka da dama da ke bakin Dajin Rugu, dare ya daina zama lokacin hira. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun watsa zaman tsakar gida, sun raba jikoki da kakanni. Ana lissafa rayuka da gonaki da shanun da aka rasa, amma akwai wata asarar da ba ta shiga takardar kowace hukuma: ƙasar gatana da jama'arta, da darasin da take koyarwa game da bambancin mutum da dabba.

Jama'ar ƙasar gatana

Duk wanda ya saurari gatana da yawa zai lura cewa ƙasa ce guda mai tsari, da sarakunanta da malamanta da talakawanta. Zaki ne sarkin dawa, a gabansa ake kai ƙara. Dila shi ne malamin daji, mai fatawar da kullum shi take yi wa daɗi. Kura ga ƙarfi ga tsoro ga kwaɗayi, shi ya sa kowane ƙaramin mai wayo ke yi mata sakiyar da babu ruwa. Waɗannan jikinsu na dabbobi ne, hali da magana ne kawai suka ara daga mutane.

Sai kuma waɗanda jikin nasu ma gauraye yake. Babbansu Gizo. Sunansa na gizo-gizo ne, kuma in ya tafka ta'asa aka biyo shi sai ya haye bango ya maƙale a rufin ɗaki. Amma yana zuwa gayya, yana neman auren 'yar sarki, yana zuwa fada ya faɗi gaisuwa, yana magana da tsamin bakin da ke sa yara dariya. Matarsa Ƙoƙi, wadda ta ci sunan ƙwaron nan ƙoƙi-ƙoƙi, mace ce mai haƙuri da ke yi masa faɗa ba ya ji. Babu tsohuwar da ta taɓa tsayawa ta bayyana inda mutum ya ƙare a jikin Gizo da inda ƙwaro ya fara. Kowane yaro da irin Gizon da ya zana a ransa.

Dodo ma haka. Ƙato ne mai gashi buzu-buzu, yana cin mutane, yana jin warinsu tun daga nesa. Duk da haka yana da gida da rumbu da mata, kuma sau da yawa matar 'yar mutane ce da ya sato, ko wadda uwarta ta yi masa alkawarinta a lokacin da take cikin matsi. Yana ƙulla yarjejeniya, yana dawowa karɓar abin da aka ce za a ba shi. A labarai da yawa abin da yake tsoro shi ne karnuka.

Rukuni na uku su ne suka fi tayar wa yara da tsigar jiki: masu rikiɗa. Su ba a gane su, domin da fuskar mutane suke zuwa.

Budurwar da ta fito daga daji

Akwai gatanar wani maharbi da ya addabi ɓakane, kullum ya shiga daji sai ya kayar da ɗaya. Da abin ya ishe su, sai wata ɓauna ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa ta shigo gari, ta sauka a gidansa, ɗansa ya ji yana sonta. Da dare tana hira da shi sai ta tambaye shi yadda suke kuɓuta idan ɓauna ta taso musu. Saurayi ya saki baki. Ya ce yakan zama kututture, yakan zama suri, yakan zama ciyawa. Ya buɗe baki zai faɗi na ƙarshe, ya furta rabin kalmar ke nan, sai uban da ke saurare daga ɗakinsa ya daka masa tsawa ya yi shiru.

Da gari ya waye ta ce ya raka ta. Suna nisa da gari ta koma siffarta ta taso masa. Ya zama kututture ta tunkuye shi, ya zama suri ta rushe shi, ya zama ciyawa ta tattake. Sai ya zama abin nan guda da bai ƙarasa faɗa mata ba, wanda a wani ƙaulin zobe ne. Ta yi nema ta gaji ta koma daji.

Abin da yaro ke fara ɗauka a nan shi ne riƙe sirri, da jin maganar na gaba. Amma wanda ya girma ya sake tuna labarin zai ga wani abu: ɓaunar ba haka kawai ta zo ba. 'Yan'uwanta aka ƙarar. Gatanar ba ta ba ta nasara ba, amma ba ta ɓoye dalilinta ba.

Ta biyu ita ce ta yarinyar da ta rantse ba za ta auri namiji mai tabo ko ɗaya a jikinsa ba. Samarin garinsu duk ta kore su. Sai maciji, a wani ƙaulin kuma Dodo, ya ji labari ya yi aron siffa da tufafi ya zo. Aka duba ba tabo, aka ɗaura aure, ta bi shi. A hanya ya dinga mayar da abin da ya ara ɗaya bayan ɗaya, har suka isa kogonsa ba sauran kamannin mutum a tare da shi. Yawanci ƙanwarta ko ƙanenta Auta, wanda ta raina ta hana shi biyo ta, shi ke ceto ta. A nan ma gargaɗin a fili yake: a binciki asalin baƙo kafin a ba shi 'ya, kuma mutum na gaske ba ya rasa tabo.

Me ya sa bakin daji

Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan labarai su yi ƙarfi a Batsari da Safana. Dajin Rugu ya shimfiɗu ta yammacin ƙananan hukumomin biyu, ya taɓa Jibiya da Ɗanmusa, ya zarce cikin Jihar Zamfara. Mutanen Ruma da Wagini da Runka da Zakka da Babban Duhu sun rayu da shi tun kaka da kakanni. Daga cikinsa ake samo itace da zuma da saiwar magani da naman farauta, a cikinsa Fulani ke kiwo, kuma tsofaffi na tuna lokacin da ake jin kukan kura daga bayan gari, har giwaye ke ratsowa.

Tsoron dajin ma ba sabo ba ne. A shekarar 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Ya rubuta irin fargabar da ayarinsu ya shiga kafin ya ratsa dajin da ke gaba zuwa Zurmi, a zamanin da yaƙi bai lafa ba tsakanin daular Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Mutanen da ke zaune a irin wannan iyaka dole su koya wa 'ya'yansu abu biyu a lokaci guda: daji ne ke ciyar da su, kuma daga daji abin tsoro ke fitowa. Hausawa suka taƙaita shi da cewa tsoro na daji, kunya na gida.

Batun rikiɗa kuma bai tsaya a bakin tsofaffin mata ba. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa wasu mafarauta da mayu na iya zama kura da dare. A cikin iskokin bori akwai Kure, wanda sunansa ma na namijin kura ne. Gardawa masu yawo kasuwa-kasuwa da kura a takunkumi, da birai da macizai, sun ci abinci da wannan imani, domin 'yan kallo na ganin wanda ya iya kwana da kura ba mutum ba ne kamar kowa. Irinsu ne mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi a Najeriya a 2005 da 2007, hotunan suka zagaya duniya. Malaman addini dai sun daɗe suna bayyana cewa rikiɗar ɗan Adam zuwa dabba camfi ne. Ita kuwa gatana ba ta taɓa cewa gaskiya take faɗa ba. Mai ba da ita kan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ta shara.

Ba Hausawa kaɗai ba

Ƙirƙirar halittar da ke tsakanin mutum da dabba tsohuwar ɗabi'a ce ta ɗan Adam. A 1939 an tono wani ɗan gunki a wani kogo a ƙasar Jamus, an sassaƙa shi da hauren wata irin giwa da ta ƙare a duniya, jikin mutum da kan zaki. Masana sun ƙiyasta shekarunsa kusan 40,000. Mutanen Masar na dā sun zana Anubis da jikin mutum da kan dila. Girkawa sun ba da labarin wata al'umma mai ƙirjin mutum da gangar jikin doki. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma akwai Mami Wata, rabi mace rabi kifi. Maƙwabtanmu Barebari ma suna da labaran mutanen da ke zama kura.

Sai dai akwai inda labarin ya fita daga hira ya zama makami. A Habasha an daɗe ana zargin maƙera da Yahudawan ƙasar da cewa suna rikiɗa su zama kuraye da dare, zargin da ya taimaka wajen ware su da ƙyamar su. Wato da zarar an ɗauki siffar dabba daga cikin labari aka liƙa wa wata sana'a ko wata ƙabila, wasa ya ƙare.

Daren da aka ƙwace

A watan Mayun 2019, mutanen 'Yar Gamji da ke Ƙaramar Hukumar Batsari sun ɗauko gawarwakin 'yan'uwansu 18 da aka kashe suka kawo su birnin Katsina don shugabanni su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, bayan gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana saran itace a dazuzzuka da sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe wasu kasuwannin dabbobi. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan asalin yankunan.

A tsakanin waɗannan ranaku akwai dubban darare da ba su shiga labarai ba. Dararen da ake kashe fitila da wuri, a hana yaro tari, a kasa kunne ko za a ji ƙarar babura. Dararen da magidanta ke kwana a kan duwatsu ko cikin gona, mata da yara su tafi cikin gari su kwana su dawo da safe. Gatana kuwa 'yar dare ce. Al'ada ma ta hana yin ta da rana, har akan tsorata yara cewa wanda ya yi zai ɓata, sai fa in an ɗaure Gizo tukuna. Ga shi tana buƙatar murya da waƙa da amshi da dariya, abubuwan da mai ɓuya ba ya yi.

Gudun hijira ya ƙarasa abin da tsoro ya fara. Gidan da a da yake da kaka da 'ya'ya da jikoki a katanga ɗaya, yanzu wasu na cikin garin Batsari, wasu na Dutsin-ma ko Katsina, wasu sun tsallaka Jamhuriyar Nijar. Tsohuwar da ta wuni tana neman abin da za a sa a baki, a ɗakin aro ko kangon da ba a gama ginawa ba, da wuya ta sami zuciyar kwaikwayon muryar Gizo.

Macijiyar Indiya da littattafan yaƙi

Wannan ba ya nufin yaran yankin sun daina son irin waɗannan halittu. Wurin samunsu ne ya sauya. A shagunan cajin waya ana tura wa matasa finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita da ke Kano, kuma cikin waɗanda suka fi farin jini akwai na macijiya mai rikiɗa. Tun fim ɗin Nagin na 1976 da Nagina na 1986 Hausawa suka saba da ita, kafin shirin talabijin mai dogon zango na Naagin da aka fara a 2015. Abin lura shi ne labarin Nagin, na macijiyar da ta zama mace don ɗaukar fansar mijinta da aka kashe, kusan shi ne labarin ɓaunar maharbi. Wataƙila shi ya sa bai zo wa kowa a baƙo ba.

Akwai kuma littattafan yaƙi na marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da birane na ƙirƙira da matsafa da aljanu da dodanni, waɗanda yanzu ake karantawa a YouTube ana saurare a waya. Kafin su, Abubakar Imam ya naɗa aku waziri a Magana Jari Ce, kuma a ƙarshen shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa sun mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim.

Duk waɗannan suna da daɗinsu. Bambancin shi ne allo ba ya amsa tambaya, kuma ba ya sanin yaron da ke gabansa. Tsohuwa kan zaɓi gatanar da ta dace da laifin da aka yi da rana: ta kwaɗayi ga mai kwaɗayi, ta sakin baki ga mai surutu. Dajin da take magana a kai kuma shi ne wanda yaron zai shiga gobe da akuyoyinsa. A yawancin labaran yaƙi, dodanni runduna ce da jarumi ke karkashewa dubu-dubu ba tare da an san sunan ko ɗaya ba. A gatana, ko Dodo yana da gida da magana.

Haɗarin kiran mutum dabba

Duk wanda ya ga abin da aka yi a Tsauwa ko 'Yar Gamji, ba za a zarge shi ba in ya ce waɗanda suka aikata ba mutane ba ne, dabbobi ne. Magana ce ta zafin rai da ake yawan ji a yankin da kuma shafukan Facebook. Matsalar ita ce kalmar ba ta tsayawa a kan mai laifi. Takan zarce zuwa danginsa, daga nan zuwa duk mai kama da shi. Fulani makiyaya da yawa da ba su taɓa riƙe bindiga ba sun rasa shanunsu a hannun ɓarayin daji, sannan suka rasa 'yancin shiga kasuwa, wasu ma rayukansu, a hannun masu ɗaukar doka a hannu. Kisan ramuwa irin wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatocin yankin suka sha haramta ayyukan 'yan sa-kai. Duniya ta ga ƙarshen wannan hanya a Ruwanda a 1994, inda gidan rediyo ya dinga kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin a afka musu.

A nan ne tsohuwar gatana ta fi mutane da yawa hangen nesa. Ba ta wanke mugu. Dodon da ya cinye mutane akan farke cikinsa a ƙarshe su fito. Amma saboda abin da ya aikata ake kashe shi, ba saboda gashin jikinsa ba. A ƙasar gatana akwai kurciya da kifi da tururuwa da kare da ke rama alheri su ceci marainiya, akwai kuma kishiyar uwa da azzalumin sarki, mutane cikakku, da suka fi kura mugunta. Kuma wanda ya fi kowa jawo wa gari bala'i ba daga daji yake fitowa ba. Gizo ne, maƙwabci, mai dariya da kowa, wanda zai nuna wa kura hanyar garke don a sam masa tsoka guda. Mutanen da suka sha wahalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto daga cikin gari ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Da ɗan gari akan ci gari.

Ma'aunin gatana ke nan: hali ake dubawa, ba fata ba.

Abin da ya rage

An rubuta tatsuniyoyin Hausa da dama. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ne kuma A. J. N. Tremearne ya fitar da littafinsa mai ɗauke da tatsuniyoyi 100, R. S. Rattray ma ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana a yau. A farkon shekarun 1970, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda ɗaliban firamare da yawa suka karanta.

Sai dai takarda ba ta riƙe murya, kuma kowane gari da yadda yake juya labarinsa, da karin harshensa da waƙoƙinsa da sunayen duwatsu da ƙoramun da yake sakawa a ciki. Gatanar Runka ko ta Wagini tana cikin kan tsofaffin da yanzu ke warwatse a garuruwan da suka yi hijira, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗaukar muryarsu ba ya buƙatar fiye da wayar hannu da haƙurin zama. Aiki ne da ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, za su iya somawa ba tare da jiran wani babban kasafi ba.

A shekarar 2025 an ƙulla sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin jihar, ciki har da Batsari da Safana, kuma ra'ayi ya rabu a kan ko zai ɗore, ganin yadda na baya suka wargaje. Jami'ai za su auna shi da yawan hare-hare da hanyoyin da aka buɗe da gonakin da aka koma nomawa. A ƙauyukan bakin Rugu akwai wata alamar da kowa zai gane ba sai an faɗa masa ba: ranar da za a idar da isha'i, a bar tabarma a tsakar gida, a ji yara na dariyar Gizo ba wanda ya ce su rage murya.